Yaya za mu mayar da majalisar 'yan fansho ta unguwarmu wurin karatu?

Sakataren Majalisa, Sakkwato

Assalamu alaikum. Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, na ajiye aiki shekara huɗu da suka wuce bayan na cika shekara 35 ina yi. Ina zaune a ɗaya daga cikin rukunan gidajen da aka gina wa ma'aikata a gefen garin Sakkwato, daga baya aka sayar wa waɗanda ke ciki. Da yake kusan lokaci ɗaya aka ba mu gidajen, tare muka tsufa, ta yadda a yau idan mutum ya bi layinmu zai iske yawancin magidanta 'yan fansho ne. Kowa yana tare da iyalinsa, amma 'ya'ya sun watse neman na kansu, jikoki suna makaranta, wuni kuma ya yi mana tsawo.

Muna da majalisa a gindin dogon yaro da ke ƙofar masallaci, muna zama da hantsi, mu sake zama bayan La'asar. A cikinmu akwai tsohon alƙali, da likitan dabbobi, da injiniyan ruwa, da malaman makaranta uku, da direban da ya san hanyoyin Arewa kamar tafin hannunsa. Duk da haka hirarmu ba ta wuce abu huɗu: yaushe za a biya fansho, yaushe za a sake tantancewa, nawa buhun gero ya kai, wa ya rasu jiya.

Bara bayan Babbar Salla na kawo shawarar mu riƙa yin karatu, aka amince. Muka gayyato wani matashin malami daga wata babbar makaranta domin ya riƙa yi mana lacca kowace Asabar a ajin Islamiyyar unguwa. Makon farko mu 31 ne, mako na biyu 14, zuwa na huɗu mun koma mu biyar, har da ni da ladan wanda makullin ajin ke hannunsa. Yaron yana da ilimi, yana da ladabi, kuma bai karɓi ko kuɗin mai ba, saboda haka ban ga laifinsa ba. Tambayata ita ce, a ina muka kuskure? Me ya kamata dattawa irinmu su karanta, wa zai karantar da su, kuma ta yaya za a riƙe su kada su sake watsewa?

Tsohon Malamin Tarihi

Wa alaikumus salam, Alhaji. Amsar tana cikin bayaninka. Kun ɗauki mutanen da suka yi shekara talatin ana miƙe masu tsaye idan sun shigo ofis, kun jera su a kan bencin yara, sa'annan kun tsayar da sa'an ɗansu a gabansu. Dattijo ba zai ɗaga hannu ya ce bai gane ba a gaban ɗan cikinsa, kuma ba zai yi masa gardama ba ko da ya ji kuskure, domin yana ganin hakan zubar da girma ne. Wanda ba ya iya tambaya, ba ya iya gardama, abin da ya rage masa shi ne gyangyaɗi, daga nan sai ya fake da ciwon ƙafa. Ana cewa gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne, amma gemu yana da irin zaman da yake so a yi da shi.

Malamanku suna nan a gindin dogon yaron. Ku sa alƙali ya ɗauki wata guda yana bayanin gado da wasiyya, ka gani ko wani zai yi barci. Mutum nawa ne a cikinku ya san cewa wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa wanda yake da rabo a cikin gadon? Mutum nawa ne ya rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi? Likitan dabbobi ya yi maku bayanin jar akuyar Sakkwato, da dalilin da ya sa fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, sa'annan ku je wurin majema da dukawa ku ga yadda ake jima da bagaruwa. Injiniya ya bi da ku hanyar da ruwa yake bi daga madatsar Goronyo da gulbin Rima har ya iso famfo, da inda yake maƙalewa idan bai iso ba. Idan sa'anka ne a gaba, za ka tambaye shi ba kunya, za ka ƙaryata shi ba fargaba, kuma wanda ya san cewa makon gobe shi ne mai magana zai koma gida ya kakkaɓe littattafansa. A ganina wannan komawa ga littafi ita ce rabin amfanin abin.

Game da tarihi, wanda shi ne fannina, ina ba da shawarar ku bi rayuwar Shehu Usmanu da ƙafa maimakon a kan allo. An haife shi a Maratta a 1754, ya yi zaman karantarwa a Degel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, a shekarar aka yi yaƙin Tabkin Kwatto, Alƙalawa ta faɗi a 1808, ya zauna Sifawa, sa'annan ya dawo Sakkwato inda ya rasu a 1817. Ku fara da na kusa, wato Hubbare inda kabarin Shehu yake, da cibiyar tarihi da al'adu mai sunan Waziri Junaidu, inda ake ajiye tsofaffin rubuce-rubuce da kayan tarihi. Daga nan sai Sifawa a ƙasar Bodinga, da Wurno inda aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, da Gwandu ta Malam Abdullahi. Wurare irin su Gudu da Alƙalawa kuwa, kada a ɗauki dattawa a mota sai an tambayi halin da hanya take ciki. Na taɓa kai wasu abokaina filin Giginya, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya tari Turawa a watan Maris na 1903, sai ɗayansu ya ce shekara ashirin yana wucewa ta wajen zuwa aiki bai taɓa haɗa sunan da yaƙin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tarihin da ke cikin kawunanku. Mai shekara 70 a yau yana da wayo lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma a 1967. Ya ga ranar da motoci suka koma tuƙin hannun dama a 1972, ya ga an canja fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, ya ga farin da aka yi a wancan lokacin da yadda dabbobi suka yi ta mutuwa, ya ga an kafa Jihar Sakkwato a 1976, an cire Kebbi a 1991, an cire Zamfara a 1996. Ya kuma rayu a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a kan gado daga 1938 zuwa 1988. Littafi zai ba ka shekarar, amma ba zai gaya maka yadda wata tsohuwa ta ƙi karɓar sabon kuɗi a kasuwa ba, ko abin da ƙaramin ma'aikaci ya saya da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata. Ku ware zama ɗaya a wata, a zaɓi shekara guda, kowa ya faɗi inda yake da abin da ya gani, wani jika ya ɗauka da waya. Za ku yi gardama a kan abubuwa da yawa, kada a share gardamar, ita ma a ɗauke ta.

Malamar Islamiyya, Mabera

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na karanta bayaninka sau biyu ban ga inda aka ambaci iyayenmu mata ba, alhali a kowane gida na layinku akwai wadda wunin ya fi yi wa tsawo, musamman waɗanda mazajensu suka rasu. Ku kuna da gindin bishiya, su kuwa daga ɗaki sai tsakar gida, sai in an yi suna ko rasuwa.

A garin nan ba sai mun nemo misali daga nesa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta tsara karatun mata na 'Yan Taru, kuma waɗanda ta ɗora wa aikin dattawan mata ne da ake kira jaji. Takan naɗa wa jaji malfa da jan ƙyalle, jajin ta jagoranci mata daga ƙauyensu su zo su karɓi karatu a cikin waƙa, su haddace, su koma su koyar da waɗanda hidimar gida ta hana fitowa. Wato tsufa ne ya ba su damar yin aikin, domin sun wuce reno kuma ana jin maganarsu. A unguwarku ba za a rasa tsofaffin malaman firamare da ungozoma ba, waɗanda za su iya riƙe zaman mata a zauren ɗaya daga cikinsu ba tare da an jira namiji ya tsara masu ba.

Akwai abu ɗaya da nake so a kiyaye idan an zo karatun Alƙur'ani, domin ya taɓa faruwa a ajina kuma har yau ina jin nauyinsa. Yawancin iyayenmu da ruwayar Warshu suka yi karatun allo, mu kuwa a Islamiyya ruwayar Hafsu muke koyarwa. Wata rana na bar wata ɗalibata ta saurari karatun wata Inna mai kimanin shekara 68. Inna ta karanta "Maliki" a cikin Fatiha ba tare da jan wasalin farko ba, kamar yadda Warshu yake, yarinyar ta tsayar da ita ta ce ta ja. Inna ta maimaita yadda ta iya, yarinya ta sake tsayar da ita, sauran mata suna kallo. Sai ta naɗe buzunta ta ce ashe shekara sittin tana salla da Fatihar da ba daidai ba. Sai da na bi ta gida na yi mata bayanin cewa karatunta ingantacce ne, kuma kuskuren namu ne, kafin ta dawo. Saboda haka a nemi wanda ya san ruwayoyin biyu, ya bambance abin da yake kuskure ne na gaske da abin da yake bambancin ruwaya.

Ban da karatun addini, a bar su su koyar da abin da ke hannunsu. Cikin 'yan matan da nake koyarwa babu wadda ta taɓa riƙe mazari, babu wadda ta san yadda ake gurzar auduga, kuma waƙoƙin niƙa da na daɓe sun tafi tun da injin niƙa da siminti suka zo. Waɗanda suka iya su suna raye, suna zaune a ɗakunan nan.

Ma'aikaciyar Jinya

Alhaji, ina so in ƙara wani abu ta fuskar jiki, domin mai yiwuwa wasu daga cikin waɗanda suka daina zuwa ba su ji abin da ake faɗa ba ne, ko ba su ga abin da aka rubuta ba, kuma dattijo ya gwammace ya ce abin bai yi masa ba da ya ce kunnensa ya yi nauyi. Daga shekara arba'in da wani abu ido yakan fara kasa karanta ƙananan rubutu, wannan tabarau mai sauƙin kuɗi yana gyara shi. Yanar ido kuwa aiki ake yi a cire ta, gani ya dawo, amma mutane da yawa suna zaune da ita suna cewa tsufa ne. Zai yi kyau kafin a fara komai ku shirya rana guda a duba idon kowa, a auna hawan jini da suga.

Ku bar bencin yara. A samo kujeru masu majingina, a jera su a da'ira ta yadda kowa zai ga bakin mai magana, domin mai nauyin kunne da ido yake cike abin da bai ji ba. Zama kada ya wuce minti 45 ba a miƙe ba, a ajiye randa ko tulu kusa, kuma a tabbata akwai makewayi a nan kurkusa, saboda yawan fitsari yana damun maza da yawa a wannan shekaru kuma ba mai faɗa a majalisa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, don haka da sanyin safiya za a yi. Lokacin ɗari da ƙura kuma a jira rana ta ɗaga saboda masu tari da ciwon gaɓoɓi.

Zama cikin mutane da motsa ƙwaƙwalwa suna da amfani ƙwarai ga tsofaffi, amma kada a ɗauke su a matsayin magani. Idan kun lura wani ya fara maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama ɗaya, ko ya ɓata a hanyar gidansa, a gaya wa iyalinsa cikin sirri su kai shi asibiti.

Ɗan Fansho Mai Noman Albasa

Ni dai ina da ja a kan wani ɓangare na maganar Malam. Duk shawarwarin nan suna da kyau, amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na yi shekara uku ina bin haƙƙina na sallama daga ofis zuwa ofis, kuma na san a majalisarku akwai irina. Wanda ya kwana yana lissafin kuɗin maganin matarsa, idan ka ce ya kawo kuɗin mota a je Wurno, ba zai ce maka ba shi da shi ba, zai dai daina fitowa majalisar gaba ɗaya, ka ga an yi ba a yi ba. Hirar fansho da Alhaji yake kuka da ita, ga wasu ita ce hanyar da suke sauke abin da ke ransu.

Idan za a yi, a fara da abin da zai sa kwabo a aljihu ko ya hana shi fita. Ni sai da na yi asarar damina biyu kafin na koyi yadda ake adana albasa a rumbu mai shan iska, a ɗaga ta daga ƙasa, a riƙa tsince wadda ta fara ruɓewa, har a kai lokacin da take tsada. Wani manomi da bai taɓa shiga aji ba ne ya koya mini. Haka kuma a koya wa mutane waya. Wani maƙwabcina an kira shi aka ce daga banki ne, wai za a rufe asusunsa in bai faɗi lambobin da aka turo masa ba, ya faɗa, kafin Azahar fanshon watan ya tafi. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya, wannan jimla kaɗai ta isa darasin Asabar guda.

Sa'annan ina roƙonku kada ku yi zaɓen shugaba da ma'aji, kada ku sa kuɗin shiga. Mu tsofaffin ma'aikata da zarar an ce kwamiti sai kowa ya tuna matakin albashin da ya bari, tsohon darakta ya ƙi zama a ƙarƙashin tsohon akawu.

Jikan Wani Dattijo, Runjin Sambo

Iyayena, ku gafarce ni da sa baki a maganar manya. Tsarin da Malam ya kawo yana da ɗan'uwa a ƙasashen waje. A birnin Tulus na Faransa aka fara abin da suke kira jami'ar masu manyan shekaru a 1973, a ƙarƙashin kulawar malaman jami'a. Da tsarin ya isa Ingila a farkon shekarun 1980 sai suka sauya shi, ya zama 'yan ritaya ne suke koyar da junansu, babu jarrabawa, babu takardar shaida. Ga wanda kuma yake son takarda, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana da cibiya a nan Sakkwato, kuma a wannan jami'ar ne tsohon shugaban ƙasa Obasanjo ya yi karatu bayan ya sauka daga mulki, har ya karɓi digirin digirgir a 2018 yana da shekara sama da 80.

Batun ɗaukar murya, waya kowace iri mai ɗaukar sauti ta isa, a dai ajiye ta kusa da bakin mai magana, a fara da faɗin rana da sunansa, kuma a kwafe a wuri biyu domin waya tana faɗawa ruwa. Na yi wa kakana haka, ni na koya masa aika saƙon murya ta WhatsApp, shi kuma ya koya mini ajami. Da takardar naira dubu ya fara, ya nuna mini rubutun da ke jikinta ya ce in karanta, na ce Larabci ne ban iya ba, ya yi dariya ya ce Hausa ce, "naira dubu" aka rubuta.

Tsohon Malamin Tarihi

Mai albasa ya faɗi gaskiya a kan kuɗi, na karɓa. Hubbare da cibiyar Waziri Junaidu suna cikin gari, mota biyu ta masu hali ta isa ba tare da an yi karo-karo ba, na nesa kuma a bari sai an samu wanda ya ɗauki nauyi. Inda ban bi shi ba shi ne a ce sai abin da zai kawo kwabo. Mutumin da aka yi shekara uku ana ce masa ya dawo gobe yana bukatar wurin da za a yi shiru a saurare shi, kuma ranar da direbanku ya zauna yana bayanin yadda ake zuwa Kwantagora kafin a gyara hanya, tsohon darakta yana tambayarsa, zai koma gida da wani abu ko da aljihunsa bai canja ba.

Sakataren Majalisa, Sakkwato

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa jama'a amsoshinku jiya bayan La'asar, kuma maganar tsohon darakta da tsohon akawu ta sa an yi dariyar da aka daɗe ba a yi ba, domin duka biyun suna zaune. Mun amince ba shugaba, ba ma'aji, ba aji. A gindin bishiyarmu za mu zauna ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe, kowa ya zo da kujerarsa daga gida. Likitan dabbobi ne zai fara, ya ce zai jawo ragonsa ya nuna mana yadda ake gane shekarun dabba ta haƙoranta, tun da kowace shekara ana cutar mu a kara. Mai albasa, idan za ka iya zuwa mako na biyu, muna gayyatarka. Alƙali ya nemi a ba shi wata guda ya yi bita kafin ya taɓa gado.

Malama, maganarki na kai ta cikin gida, kuma uwargidana ta ce tun bara take jira ta ga ranar da za mu tuna da su. Sun riga sun zaɓi zauren wata tsohuwar shugabar makarantar firamare, ranar Laraba da hantsi. Abin da suka rasa shi ne mace wadda ta san Warshu da Hafsu duka. Idan kin san wata a wajen Mabera ko kusa, wadda za ta iya zuwa ko sau biyu ne a wata, ki sanar da ni, mu za mu ɗauki nauyin kai ta da dawo da ita.